Kyamara Biyu, Aiki Ɗaya: Kafin Mu Kashe Kuɗin Ikilisiya

'Yan'uwa, duk manomi a Andarai ya san ba a haɗa babban sa da ɗan maraƙi a garma ɗaya. Ɗaya zai ja, ɗaya ya tirje, kunya ta karkace. Haka abin yake ga kyamarorin bidiyo. In matasanmu suna so su riƙa ɗaukar taron zumuntar mata, bikin aure ko koyarwar noma da kyamara biyu, sai a zaɓi waɗanda za su yi tafiya tare. Kuɗin da za a kashe gumin jama'a ne, na albasa da shinkafa da gero, kuma ba a maimaita ranar aure don hoto ya lalace.

Kowace da aikinta

Kyamara ta farko tana zama a baya, a kan sanda mai ƙafa uku, tana ɗaukar dukan wurin daga farko har ƙarshe. Wannan tana bukatar batir mai daɗewa, kuma kada ta tsaya da kanta. Mu lura, yawancin kyamarorin hoto da aka ƙera kafin 2019 sukan yanke ɗauka in an kusa cika minti 30, alhali wa'azi kaɗai yakan wuce haka.

Ta biyu ita ce mai yawo. Aikinta jawo fuskoki kusa: mai magana, mawaƙa, hannun da yake nuna yadda ake dasa iri. Ta zama marar nauyi, mai iya gani ko da haske ya yi ƙaranci. Dukansu su tsaya a gefe ɗaya na mai magana, domin kada ya zama yana duban dama a hoto ɗaya, hagu a ɗayan.

Inda dole su daidaita

1. Yawan hotuna a daƙiƙa. A Nijeriya tsarinmu PAL ne, wato hoto 25 a daƙiƙa ɗaya, wanda ya dace da wutar lantarkinmu mai bugu 50. Tsarin Amurka NTSC ne, kusan hoto 30, da wuta mai bugu 60. Wasu kyamarori na hannu da aka shigo da su daga can ba sa yin 25. In aka haɗa su da namu, motsi zai riƙa sarƙewa, hoton kuma yana iya ƙyaftawa a ƙarƙashin fitila.

2. Girman hoto. In ɗaya tana ɗaukar 1920 da 1080, a sa ɗayar ma haka. Hoton 4K ya ninka wannan sau huɗu, yana cika kati da sauri, yana kuma wahalar da ƙaramar kwamfuta.

3. Launi. Kowane kamfani, ko Sony ko Canon ko Panasonic, da yadda yake fitar da launi. Shi ya sa ya fi sauƙi a saya daga kamfani ɗaya. Kafin a fara, a nuna wa dukansu farar takarda guda a cikin haske ɗaya, a daidaita farinsu. In ba haka ba, zanen zumunta zai fito launi biyu.

4. Batir da kati. In iri ɗaya suke amfani da shi, ɗaya za ta ceci 'yar'uwarta ran da janareta ya ƙi tashi.

Murya da yanayi

Mutane sukan haƙura da hoto mai duhu, amma in ba sa jin magana sai su tashi. Aƙalla kyamara ɗaya ta kasance da wurin haɗa makirufo. In duka biyu suka soma ɗauka, wani ya tsaya a gabansu ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Da wannan tafin mai tace hoto zai jera su daidai.

Mu tuna da ƙasarmu kuma. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a Jega da Aliero, ƙananan kyamarori kuwa sukan kashe kansu in sun yi zafi. Da hunturu, wadda ake cire wa gilashi tana shan ƙura.

Kafin a biya

Ko a Sakkwato za a saya, ko Kano, ko kasuwar Alaba ta Legas, a tafi da kyamarar da ake da ita. A ɗauki mutum ɗaya da duka biyun na 'yan mintoci, a duba a allo ɗaya. A karɓi rasiti, a rage kuɗin batir da makirufo. A Kano, da kaset na VHS aka ɗauki fim ɗin Turmin Danya a 1990, daga irin wannan ƙaramin farawa sana'ar finafinan Hausa ta girma. Mu ma mu fara da abin da ƙarfinmu ya kai.

Don tattaunawa: wa zai riƙe kayan, wa kuma za mu tura ya koyi tacewa? Dattawa da matasa su amsa wannan tare kafin kuɗi ya fita daga asusu.