Ƙofa Mai Ƙunci, Zuciya Mai Faɗi

 Karatunmu na yau yana cikin Matiyu 7:13-14, inda Ubangiji ya yi maganar ƙofa mai ƙunci da take kai mutum ga rai.

Yaranmu da suke makaranta a Mubi sukan karanta wa iyaye wannan wuri da Turanci. A tsohuwar fassarar Sarki James ta 1611, kalmar da aka sa wa ƙofar ita ce strait. Da yawa sukan ɗauka straight ce, wato miƙaƙƙe, gama a kunne ɗaya suke. Ba haka ba ne. Strait matsattsen wuri ne, kamar mashigin teku tsakanin gaɓa biyu. Sababbin fassarori sukan ce narrow, daga nan kuma Bature ya sami narrow-minded, wato mutumin da ba ya barin wa kowa wuri a tunaninsa. Har kalmarsu ta baƙin ciki mai tsanani, anguish, daga kalmar Latin take, mai ma'anar matsatsi. Hausa ma haka ta yi da ƙunci. Akwai ƙuncin ɗaki, akwai ƙuncin rai, akwai kuma ƙuntata wa wani.

Mutanen Duvu ba sa bukatar a koya musu ƙuncin hanya. Wanda ya taɓa sauko da damin dawa daga kan dutse ya san inda mutum biyu ba sa jerawa, sai ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma sai an sauke kaya. Irin ƙofar da Yesu yake nufi ke nan. Ba wanda zai shiga da bangaskiyar mahaifinsa, ba kuma wanda zai wuce da zunubinsa a ka.

Amma 'yan'uwa, ƙofar ce aka ce tana da ƙunci. Ba a ce zuciyar mai shiga ta ƙuntata ba. A 2 Korintiyawa 6:11-13 manzo Bulus ya ɗauki kalma mai tushe ɗaya da ta Matiyu a Helenanci, ya tsawata wa ikilisiya da ita. Ya nuna musu shi ya buɗe musu zuciyarsa, matsin yana wajensu ne.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram suka kama Mubi. Jama'a suka bi hanyoyin duwatsu zuwa Kamaru, waɗansu suka nufi Yola, iyali uku ko huɗu a ɗaki guda. A Nuwamba aka ƙwato garin. Ƙuncin hanya ya wuce, amma a gidaje da yawa ya koma cikin zuciya. Wani ya daina gaida maƙwabcinsa Musulmi wanda shi ma gudun ya yi. Wani ba ya yarda da kowa sai mai jin yarensa, ko Gude ko Fali ko Margi. Abin da ya fi damunmu shi ne jin ana kafa hujja da wannan aya, wai ai hanyar matsattsiya ce.

A Yola, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar babbar majami'ar St. Theresa ga dubban 'yan gudun hijira, bai tambayi addinin kowa ba. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da ya gina musu a Sangere-Marghi, da makaranta, da majami'a, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Waɗansu Kirista sun yi gunaguni. A ganinmu bai rage kome daga bangaskiyarsa ba.

Kafin mako mai zuwa, a karanta 2 Korintiyawa sura 6 a gida, yara kuma su tambayi tsofaffi yadda ake faɗin ƙunci da yaren gida, su ji ko kalmar tana kaiwa har zuciya. Ubangiji ya kiyaye ku.