Me ya sa hasashen yanayi ke cin amanar masu sauraro?

Da zarar rediyo ta ce gobe akwai ruwa, sai ka ji wani a majalisa ya ce, "To, a gaya wa matan gida su yi wanki, gobe rana za ta buɗe." A kwashe da dariya. Wani dattijo kuma ya rufe zancen da cewa sanin gaibu sai Allah.

Ba mu kaɗai ke wannan zolaya ba. A Ingila har yau ba a manta da Michael Fish mai hasashen yanayi na BBC ba. Ranar 15 ga Oktoba, 1987, ya kwantar wa masu kallo hankali cewa babu wata mahaukaciyar guguwa da ke tafe, ko da yake ya ce za a yi iska mai ƙarfi. Cikin daren nan iska ta kashe mutum 18, ta tumɓuke bishiyoyi wajen miliyan 15. Abin ya bi shi har bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012, inda aka sake nuna hoton.

Amma masanin yanayi ba ɗan duba ba ne, lissafi yake yi da zafi da iska da danshin da aka auna yau. A 1961 Edward Lorenz na jami'ar MIT ta Amurka ya sa wa kwamfuta 0.506 maimakon 0.506127 a lissafin yanayi, yana ganin bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai sakamakon ya kauce gaba ɗaya. Ɗan kuskuren awo yakan yi ta girma kullum, shi ya sa hasashen da ya wuce mako biyu ba abin dogaro ba ne.

Namu ya fi wuya. Hadarin damina yakan haɗu cikin 'yan sa'o'i, ya taso daga gabas, ya juye a unguwar Hotoro har kwata ta cika, alhali a unguwar Kurna ko yayyafi ba a gani ba. Ga shi tashoshin awo sun yi ƙaranci a Afirka. Saboda haka idan an ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100 ce, aka wayi gari ba a yi ba, ba a yi ƙarya ba: a kwana 10 irin wannan, ana sa ran 4 su wuce ba ruwa.

Abin da ke damuna shi ne manomi. Kowace shekara hukumar yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen faɗuwar damina da ɗaukewarta, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ma tana yin na Sahel. Wanda dariyar majalisa ta sa ya toshe kunne yakan yi shuka da ruwan farko, fari ya biyo baya, gero ya ƙone a rami, ya koma kasuwa sayen iri da bashi. Hakkin hukumomin ne su kai masa bayanin da Hausa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, su kuma faɗa masa ƙarara inda suke da shakka.