Matan Tahiti a Idon Baƙo

Duk ɗan Bagudo da ya saba ƙetare iyaka ta Lolo ko Tsamiya ya san da zarar an taka Jamhuriyar Benin, takardun hukuma sun koma Faransanci. Faransar da ta gama cin Dahomey, a Benin ta yau, da yaƙi a 1894, ita ce ta mallake tsibirin Tahiti, can tsakiyar tekun Fasifik, tun 1880.

A wannan tsibiri wani Bafaranshe mai zane, Paul Gauguin, ya sauka a watan Yunin 1891. Asalinsa dillalin hannun jari ne a Paris. Da kasuwar ta karye a 1882, sai ya rungumi zane. Na gaba da shi, irin su Claude Monet, burinsu kama haske yadda yake sauka a kan abu nan take. Shi kuwa, da Van Gogh da Cézanne, sai suka sauya hanya. Gauguin yakan shimfiɗa launi mai ƙarfi fili guda, ya kewaye shi da layi mai duhu, dabarar da ya tsinta daga zanen Japanawa. Launi a wurinsa saƙon zuciya yake ɗauka.

Zanensa na 1891 mai suna Matan Tahiti yana gidan tarihi na Orsay a Paris. Mata biyu ne zaune a yashin bakin teku. Ɗaya ta ɗaura jan zane mai fararen furanni, ɗayar tana sanye da doguwar riga mai rufe wuya, irin wadda 'yan mishan suka kawo. Wannan rigar ita ke tona asiri. Gauguin ya tafi neman mutanen da Turai ba ta taɓa ba, ya tarar da coci da gwamnan mulkin mallaka, sarkin Tahiti Pomare na Biyar kuma ya rasu kwanaki kaɗan da isarsa. Duk da haka ya ci gaba da zana aljannar da ya ƙudurta a ransa. Baƙo makahon gari ne.

Ya mutu a talauce a 1903. Yau ana yaba gwanintarsa, ana kuma tuhumarsa kan zama da 'yan mata masu ƙananan shekaru.

Saboda haka, idan aka nuna mana tsohon hoto ko zanen kakanninmu da Bature ya yi, mu tambaya: wa ya yi shi, wa aka yi dominsa, me aka bari a waje? Sannan mu gwama shi da abin da dattawanmu suka riƙe.