Tiyata kyauta ce, isa gare ta ne aiki: Halin marayu masu tsagewar leɓe a Tambuwal da Kebbe

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, idan mace ta rasu wurin haihuwa ta bar jariri, ba a daɗewa ana neman mai riƙonsa. Kafin a yi sadakar uku, kaka ko gwaggo ko inna ta riga ta goya shi. Idan akwai mai jego a gidan ko a maƙwabta, sai ta haɗa shi da nata ta shayar, su tashi 'yan'uwan nono. Da wannan tsari aka raya marayu masu yawa a ƙasar Hausa.

Sai dai akwai jaririn da tsarin ba ya wadatarwa, wato wanda aka haifa da tsagewar leɓe da ganɗa. Ko an samu mai shayarwa an sa masa nono a baki, ba ya iya zuƙa yadda ya kamata. Ɗan abin da ya samu ma, wani ya dawo ta hanci. Yakan gaji ya yi barci da yunwa, ya farka da kuka, kullum yana ramewa.

Tiyatar gyara wannan matsala kyauta ake yin ta a wurare da dama a Najeriya, albarkacin ƙungiyoyin agaji. Amma likita ba ya yi wa jariri aiki sai ya yi ƙwari. Watannin da ke tsakanin haihuwa da ranar tiyata su ne mafi haɗari, kuma maraya ya fi kowa fuskantar haɗarin.

Yadda matsalar ke samuwa

Leɓen sama na ɗan tayi yana haɗuwa ne tsakanin mako na 4 da na 7 da samun ciki. Ganɗa kuwa, wato rufin baki da ya raba shi da hanci, tana haɗuwa tsakanin mako na 6 da na 9. Idan ɓangarorin biyu ba su haɗe ba, sai a haifi yaro da tsaga a leɓe, ko a ganɗa, ko duka biyun. Ke nan abin yakan faru tun kafin mata da yawa su tabbatar suna da juna biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana samun matsalar a jariri ɗaya cikin kowane 1,000 zuwa 1,500 da ake haifa. Gado na taka rawa. Haka ma shan taba, da ciwon suga, da wasu magungunan farfaɗiya idan mai ciki ta sha su a farkon ciki. A mafi yawan lokuta ba a iya nuna dalili guda ɗaya, kuma ba laifin uwa ba ne.

Wani bincike da likitocin Najeriya suka wallafa a 2007 ya gano cewa iyaye Hausawa da Fulani sun fi ɗaukar lamarin a matsayin ƙaddara daga Allah, ba aikin maita ko aljanu ba. Wannan fahimta tana kare yaro daga tsangwama. Matsalar ita ce idan aka tsaya a nan, aka ɗauka cewa abin da aka haifi mutum da shi ba ya da magani.

Inda ake gyarawa

A birnin Sakkwato, Asibitin Yara na Noma ya fi shahara a aikin gyaran fuska. An buɗe shi a 1999 da tallafin ƙungiyoyin agaji na Turai, domin yaran da cutar noma ta cinye wa baki da kunci, kuma tun farkonsa ake kai masa masu tsagewar leɓe. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa sashen masu cutar noma a asibitin. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, mai sashen tiyatar baki da muƙamuƙi.

Mutane kan haɗa noma da tsagewar leɓe, alhali ba ɗaya ba ne. Noma cuta ce da ke kama yaro bayan an haife shi, galibi wanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Tsagewar leɓe kuwa da ita ake haihuwar yaro, kuma ba ta yaɗuwa.

A faɗin ƙasa, ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana ɗaukar nauyin irin wannan tiyata a asibitocin da take hulɗa da su. Tsarinta shi ne ta horar da likitocin gida ta biya kuɗin aikin, maimakon jiran likitocin waje su zo sau ɗaya ko biyu a shekara. Aikin leɓe kansa ba ya cika wuce awa ɗaya zuwa biyu ba.

Sharaɗin nauyi

Likitocin tiyata suna da wata tsohuwar ƙa'ida ta goma uku: jariri ya kai mako 10, nauyinsa ya kai kimanin kilo 4 da rabi, wato fam 10, ma'aunin jininsa kuma ya kai 10. Galibi ana ɗinke leɓe daga wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma kafin yaro ya cika wata 18, domin a riga lokacin fara magana. Dalilin sharaɗin shi ne allurar barci tana da haɗari ga jaririn da ya rame ko jininsa ya yi ƙasa.

A nan maraya ke tuntuɓe. Uwa mai rai za ta iya tatsar nononta ta ba ɗanta da ƙaramin kofi ko cokali, dare da rana. Kaka mai shekara sittin ba ta da wannan damar. Madarar gwangwani ta jarirai ta yi tsada matuƙa tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, don haka wasu kan yawaita ruwa don gwangwani ɗaya ya kai mako biyu. Wasu kan koma ga nonon akuya ko na saniya, ko koko mai ruwa-ruwa, waɗanda cikin sabon jariri bai iya ɗaukar su ba. Idan aka haɗa da ruwan da ba a tafasa ba, gudawa ta shigo.

Wani haɗarin shi ne shaƙewa. Madara na iya bin hanyar numfashi ta haifar da ciwon huhu, musamman idan aka ɗura wa jariri yana kwance. Haka ake samun iyalin da suka yi tattaki har Sakkwato da murnar aiki kyauta, a auna jariri a ce su koma sai ya ƙara nauyi.

Hanyar Sakkwato

Daga garin Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne a kan babban titin da ya ratsa Shagari da Bodinga. Mutumin Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna yana iya zuwa ya dawo a yini guda. Na Kuchi ko Margai a ƙaramar hukumar Kebbe, wadda ke iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, sai ya fara neman babur zuwa inda zai samu mota. Da damina hanyoyin ƙauye kan yanke, ga kuma fargabar 'yan bindiga da suka addabi sassan yankin. Kuɗin mota ma ya ninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Kuma ba tafiya ɗaya ba ce. Akwai zuwan farko na awo, da na aikin leɓe, da na dubiya, sannan na aikin ganɗa. Duk kwanan da mai riƙo ta yi a asibiti, akwai abinci, akwai gona ko sana'ar da ta bari. Likitocin wannan fanni sun daɗe suna kokawa cewa da zarar an ɗinke leɓe fuska ta yi kyau, iyalai da yawa ba sa dawowa aikin ganɗa. Yaron sai ya girma yana magana ta hanci, yana fama da ciwon kunne da kan rage masa ji, a makarantar allo da ta boko yara na kwaikwayonsa.

Wane ne maraya?

Akwai wani giɓi da ba a cika lura da shi ba. A fiƙihu, maraya shi ne yaron da mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga, kuma da wannan ma'auni ake yawan rubuta sunayen masu karɓar tallafi. Jaririn da mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa talaka yana raye, yana iya faɗowa a tsakani, alhali shi ne ya rasa abincinsa.

Irin waɗannan jarirai ba kaɗan ba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadiyyar ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma a karkarar Sakkwato mafi yawan mata a gida suke haihuwa.

Jihar tana da Hukumar Zakka da Waƙafi da ke tallafa wa marayu da marasa lafiya ta hannun hakimai. Ga jariri mai tsagewar ganɗa, buhun shinkafa da kayan sallah ba su ne buƙata ba. Abin da zai kai shi ɗakin tiyata shi ne madarar wata shida, da kuɗin mota na tafiya huɗu ko biyar, da wanda zai riƙa auna shi kowane mako a asibitin Tambuwal ko na Kebbe.

Abin da za a iya yi daga gida

Tun da a gida ake haihuwa, ungozoma da wanzami ne ke fara ganin bakin jariri. Tsagewar leɓe a fili take, amma ta ganɗa kaɗai tana ɓuya sai an leƙa. Madarar da ke fitowa ta hanci alama ce. Wanzamin da ya buɗe baki don cire beli ya ga rufin a tsage, ya dace ya mayar da askarsa ya ce a tafi asibiti. Likitoci dama suna hana cire beli ga kowane jariri, ga wannan kuwa yana ƙara wahalar gyara.

Ma'aikatan jinya suna koyar da masu riƙo su zaunar da jariri a tsaye a cinya, su ba shi kaɗan-kaɗan da kofi ko cokali mai tsabta duk bayan awa biyu zuwa uku, su sa shi gyatsa a kai a kai, kuma kada ciyarwa ɗaya ta wuce rabin awa don kada ya gaji. Idan akwai mai jego da ta yarda, kuma an duba lafiyarta, nonon da ta tatsa ya fi kowace madarar gwangwani. A mazhabar Malikiyya, nonon da ya isa cikin jariri ko ta cokali ne yana tabbatar da 'yan'uwantakar shayarwa, don haka yana da kyau dangi su san wadda ta bayar.

Babbar shawarar ita ce kada a jira yaro ya yi wayo. A kai shi asibiti tun a makon farko, ko kafin suna, domin a auna shi, a koya wa mai riƙo yadda ake ciyar da shi, a kuma rubuta masa ranar dawowa. Jaririn da ya kai kilo biyar yana wata uku, sauran aikin na likita ne.