Tafkin Tiga da Hutun Iyali a Bakin Ruwa

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda take a ƙaramar hukumar Bebeji kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano, tana cikin manyan ayyukan da gwamnatin Audu Bako ta bar wa jihar, kuma an gina ta ne tsakanin 1971 da 1974 ta hanyar tare Kogin Kano da ganuwar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6 da tsayin mita 48. Ruwan da ya taru a bayan ganuwar ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178 idan ya cika, yana ɗauke da kusan kubik mita biliyan 2, kuma kowane kubik mita ɗaya daidai yake da lita 1,000. Manufar aikin tun farko ita ce noman rani da samar wa Kano ruwan sha, sai dai gwamnatin lokacin ta hango cewa ruwa mai yawa irin wannan zai jawo masu neman hutu, shi ya sa aka gina otal ɗin Rock Castle a kan duwatsun Tiga, aka kuma gina wani a bakin tafkin Bagauda da ke kusa, wanda daga baya ya koma reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya.

Wannan asali yana da muhimmanci ga duk magidancin da ke shirin kai iyalinsa can shan iska, domin yana nuna masa cewa tafkin wurin sana'ar jama'a ne kafin ya zama wurin shaƙatawa. Masunta da manoman rani da makiyaya da matuƙan kwalekwale su ne masu gida, mai ziyara kuwa baƙo ne, kuma daɗin da zai ji da lafiyar da zai koma gida da ita sun dogara ne a kan yadda ya fahimci halin ruwan da kuma yadda ya saurari waɗanda suka san shi.

Tiga tafkin ruwan daɗi ne, wato ruwan da gishirin da ke cikinsa bai kai giram 1 a kowace lita ba, saɓanin ruwan teku wanda kowace lita take ɗauke da kimanin giram 35. Wannan bambanci yana shafar mai wanka kai tsaye, saboda ruwan gishiri ya fi nauyi, ya kuma fi tallafe jikin mutum, don haka wanda ya saba iyo a bakin teku a Legas zai ga yana buƙatar ƙarin ƙoƙari kafin ya tsaya a saman ruwan tafki. Haka nan ruwan daɗi shi ne mazaunin kifayen da Bahaushe ya saba da su a kasuwa, irin su karfasa da tarwaɗa da kurungu, kuma shi ne mazaunin wasu ƙwayoyin cuta da ba sa rayuwa a teku, kamar yadda bayani zai zo a gaba.

Zaɓen lokacin tafiya shi ne mataki na farko, domin tafkin yana sauya kama da sauyawar shekara. A ƙarshen damina, wato daga Satumba zuwa Oktoba, ruwa yana cika ya haura gaɓa, ciyawa tana kore, amma hanyoyin da ba su da kwalta sukan yi laka, sauro kuma yana yawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan yi sanyi, rana ba ta da zafi sosai, kuma wannan lokaci ya yi daidai da hutun makaranta na Disamba, ko da yake hazon hunturu kan rufe nesa har mutum ya kasa hango ɗaya gaɓar, iskar kuma kan tayar da igiyar ruwa mai girgiza ƙaramin kwalekwale. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi kan kai digiri 40, ruwa ya ja baya saboda sakinsa da ake yi wa gonaki da kuma wanda rana ke shanyewa, sai ya bar taɓo mai santsi a inda ya janye. A cikin damina kuwa, musamman Agusta lokacin dogon hutu, hadari yakan haɗu cikin ɗan lokaci, kuma fili buɗaɗɗe irin na bakin ruwa wuri ne mai hatsari idan ana tsawa, saboda haka da zarar an ji rugugi ya wajaba kowa ya fita daga ruwa ya nemi gini ko mota.

Abin da iyali za su yi a bakin tafki bai tsaya ga shiga ruwa ba, hasali ma mafi yawan abin sha'awar yana kan tudu. Zaman inuwa a kan tabarma da abincin da aka taho da shi daga gida, kamar dambun nama da gurasa da zoɓo mai sanyi, ya wadatar da manya, yayin da yara ke samun filin guje-guje da ƙwallo wanda gidajen cikin birni suka hana su. Masu sha'awar tsuntsaye za su ga balbela tana bin shanun da aka kawo shayarwa, da zalɓe tsaye a ruwa mara zurfi yana dakon kifi, kuma da sassafe ko yamma lis ne tsuntsaye suka fi fitowa. Kamun kifi da fatsa, wato ƙugiya ɗaure da zare a jikin sanda ana soka mata tana, wasa ne da yaro ɗan shekara bakwai zai iya koyo a gefen mahaifinsa, kuma yana koya masa haƙuri da natsuwa.

Kallon masunta a bakin aikinsu shi kansa darasi ne. Mai jifa da birgi, wato zagayayyar koma mai dalma a gefenta, yakan tattara ta ninki-ninki a hannu ɗaya, ya rataya wani sashe a kafaɗa ko gwiwar hannu, sannan ya murɗa ƙugunsa ya sake ta, sai ta buɗe a iska ta faɗa kan ruwa a shimfiɗe, dalmar ta ja gefen zuwa ƙasa ta rufe duk kifin da ke wurin, kafin ya jawo igiyar da ke ɗaure a wuyan hannunsa a hankali. Wasu kuma da kalli suke aiki, wato doguwar raga da ake shimfiɗawa cikin ruwa da yamma a bar ta ta kwana, kifi ya zo wucewa ya maƙale, a zo da asuba a kwashe. A inda kwalekwale ke sauka ake cinikin kifin tun yana motsi, ana kankare shi a wanke a barbaɗa gishiri da yaji, a jefa cikin tafasasshen mai, kuma yaron da ya ga wannan tun daga ruwa har zuwa kasko ya san daga inda abincinsa yake fitowa.

Hanyar zuwa ma tana da abin nunawa, domin ruwan Tiga ne ke bi ta babbar magudana zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin shirin noman rani na Kogin Kano wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Shinkafa da alkama da tumatir da albasar da ake gani kore shar a tsakiyar rani duk daga wannan ruwa suke sha. Ya dace kuma a gaya wa manyan yara ɗaya ɓangaren labarin, wato cewa tare kogin ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita wajen noma da su da kiwo, ta yadda ribar wani yanki ta zama rashin wani.

Babban hatsarin bakin tafki shi ne nutsewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta wannan hanya a duniya a shekarar 2021, yara ƙanana na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tafkin da aka samar da madatsa yana da nasa halin, saboda ƙarƙashinsa tsohuwar ƙasa ce mai kwari da tudu da kututturan itatuwa da tsohon kwarin kogi, don haka mutum yana iya tafiya a ruwa iya gwiwa, taku ɗaya kuma ya zurma inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ragar da masunta suka shimfiɗa tana iya sarƙe ƙafar mai iyo, magudanar da ke kai ruwa gona kuma ta fi tafkin kansa hatsari, domin ruwanta yana gudu da ƙarfi, gefenta na siminti yana da gansakuka mai santsi da ba ta ba mutum abin kamawa. Yaron da ke nutsewa galibi ba ya iya ihu ko ɗaga hannu, saboda duk numfashinsa ya tafi ga neman iska, abin kuma yana ƙarewa cikin mintuna kaɗan. Wannan ne ya sa ake so a ware babba guda ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai sa ido a kan yara, ba waya ba hira, a riƙa karɓa-karɓa da shi, domin taron manya da kowa ke zaton wani yana kallo daidai yake da babu kowa.

Yawo a kwalekwale yana cikin abin da yara suka fi ɗoki, kuma sharuɗɗansa sanannu ne: kada a ɗora wa jirgi fiye da ƙima, kada a shiga ruwa bayan faɗuwar rana ko lokacin iska, kuma kowa ya sa rigar kariya, wato rigar da aka cusa wa abu mara nauyi don ta riƙe mai ita a saman ruwa. Ana gwada ta yaro ne ta hanyar ɗaure maɗaurinta sannan a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama, idan ta zame ta rufe masa haɓa da kunnuwa, to ta yi masa yawa, kuma zai iya sulluɓewa daga cikinta a ruwa. Mutanen Kano ba su manta da kifewar jirgi a madatsar Watari da ke Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, kuma yawan lodi na cikin dalilan da aka bayar.

Hatsari na biyu ba a ganinsa da ido, shi ne tsargiya, cutar da alamarta mafi shahara ita ce fitsarin jini. Wata tsutsa ce ke haddasa ta, kuma rayuwarta tana kewayawa ne tsakanin mutum da ƙananan dodon koɗi na ruwan daɗi: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗi su hayayyafa, sannan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan ko da wanki yake yi, su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Dodon koɗin ya fi son ruwa mara zurfi mai ciyayi, wato daidai inda iyaye suke ganin ya fi aminci ga yara, kuma da tsakar rana ne ƙwayoyin suka fi fitowa. Alamun cutar kan ɗauki makonni ko watanni kafin su bayyana, lokacin da an riga an manta da tafiyar, saboda haka duk yaron da ya yi wanka a irin wannan ruwa sannan aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti a kuma faɗa wa likita inda ya je. Maganinta, mai suna Praziquantel, yana aiki sosai, amma barin cutar ta daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Ruwan sha da na alwala ya fi kyau a taho da su daga gida, masu kwana kuma su tanadi gidan sauro.

Ladabin baƙo shi ne ya rage, kuma yana farawa da sallama ga mutanen wurin da tambayar masunta ko sarkin ruwa, wato shugaban masu sana'ar ruwa na yankin, inda ke da zurfi da inda aka shimfiɗa raga da inda aka hana shiga, musamman kusa da ƙofofin sakin ruwa. Ba a ratsa gonar mutum don neman gajeriyar hanya, ba a ɗaukar hoton mata masu wanki ko masunta sai da izininsu, kuma ba a barin leda da robar ruwa a gaɓa, domin dabbobi suna haɗiye su, iska kuma tana kai su cikin ruwan da dubban mutane ke sha. Nauyin da ke kan hukuma shi ne ta keɓe wuraren da aka amince a zauna, ta kafa allunan gargaɗi da Hausa, ta tanadi masu ceto da rigunan kariya a tashoshin kwalekwale, ta kuma gyara masaukan da aka gina tun zamanin Audu Bako. Kafin hakan ta samu, tsaron iyali yana hannun magidancin da ya tambaya kafin ya sauke tabarmarsa, ya kuma tsara tafiyarsa yadda zai kamo hanyar gida tun rana ba ta faɗi ba.