Kafin Ka Biya Kuɗin Jan Babur Ɗan Italiya

Ducati ja zur a tsaye gaban dillali yana iya sa mai hankali ya manta da lissafi. Ba banza ba: Massimo Tamburini, wanda ya zana Ducati 916 da ya fito a 1994, daga baya kuma ya zana MV Agusta F4, ya san yadda ake sace zuciyar mai kallo. To amma idan babur ɗin na hannu ne, fenti ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Abin da ake saye a gaskiya shi ne irin riƙon da masu shi na baya suka yi masa, wannan kuwa a takarda ake ganinsa.

Dalilin yana cikin kan injin. A yawancin injuna ana danna bawul ya buɗe, sifirin ya mayar da shi ya rufe. Ducati, kamfanin da ke Borgo Panigale a birnin Bologna, ya bi wata hanya tun da injiniyansa Fabio Taglioni ya gwada ta a babur ɗin tsere a 1956: hannun ƙarfe ɗaya ya buɗe bawul, wani hannun ya ja shi ya rufe. Wannan tsari ake kira desmo. Yana ba inji damar juyawa da matuƙar sauri ba tare da bawul ya makara ba, sai dai kowane bawul yana da tazara biyu da za a auna a daidaita, ta buɗewa da ta rufewa. Injin silinda biyu mai bawul takwas, awo goma sha shida ke nan, kuma sai an sauke tanki da robobin jiki kafin hannu ya kai wurin. A zamanin 916 ana wannan aiki duk bayan kilomita 10,000. A samfurin 1098 ya koma 12,000. A Panigale 1199 na 2012 ya kai 24,000. Aikin da tsada, shi ya sa wasu ke sakin babur daidai lokacin da ya gabato. Ka dubi mita, ka dubi rasit na ƙarshe, ka yi lissafi da kanka.

Sai bel. Kafin zuwan Panigale, mai amfani da sarƙa a cikin inji, bel biyu na roba masu haƙora ne ke tafiyar da bawuloli. A tsofaffin samfura ƙa'ida ita ce a canza su duk shekara biyu, ko an hau babur ko ba a hau ba, domin roba tana tsufa ko a ajiye take. Idan bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin ya gamu da bawul, an shiga babban gyara. A nan ne mutane ke ruɗuwa da ƙarancin tafiya. Babur mai shekara goma sha biyar da bai yi kilomita 8,000 ba, a ganina, ya fi ban tsoro a kan wanda ya yi 40,000 yana zuwa gareji a kan kari. Idan mai sayarwa ya ce ai bai daɗe da canza bel ba, ka nemi rasit mai kwanan wata. Babu rasit, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗinsa daga ciniki.

Masu neman Ducati 748, 916 ko 996 suna da ƙarin tambaya ɗaya. An san waɗannan injuna da ɓarewar rufin ƙarfe mai ƙyalli da ke kan hannayen bawul, kuma ɓurɓushinsa kan taru a rariyar baƙin mai. Mai babur da ya san abin da yake yi zai gaya maka ko an duba, kafin ma ka tambaya.

Ranar zuwa gani, ka roƙi kada a tayar da injin kafin ka iso. Ka taɓa shi da hannu ka ji sanyi ne, domin inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. In ya tashi ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kada ka firgita. Busasshen kuloci ne, wanda ba ya cikin mai, haka kukansa yake a tsofaffin Ducati na tsere. Abin damuwa shi ne ya riƙa fizga ko zamewa. Ka bar shi ya yi zafi har fankar lagireto ta tashi, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigon ruwa ko mai. Ka sa a auna batir injin yana aiki: kusan volt 14 ake so, domin na'urar daidaita caji tana cikin abubuwan da ke yawan mutuwa a tsofaffin nan.

Wani abu ƙarami da kan jawo babban ciwon kai shi ne makulli. Ducati da yawa na farkon shekarun 2000 sun zo da jan makulli guda, uban sauran, tare da kati mai lambar sirri. Da shi ake sa kwamfutar babur ta karɓi sabon makulli. Wanda ya sayi babur da baƙin makulli ɗaya tak, ranar da ya ɓata zai gane kurensa.

Waɗannan babura don gudu aka yi su, saboda haka a nemi alamun faɗuwa da na filin tsere. Ka juya kai dama da hagu ka dubi ƴan ƙarafan da ke tare shi, ko sun lanƙwashe ko an yi musu walda. Ka dubi ƙarshen hannu, matakan ƙafa da salansa. Noti mai ɗan rami da aka huda don ɗaure waya shaidar tsere ce. Sabuwar roba fil a jikin tsohon babur ma abin tambaya ce. A gefen taya akwai lambobi huɗu, mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 a 2018, kuma tayar da ta kwana biyu haka ba abin amincewa ba ce ko da haƙoranta ba su cinye ba. Idan tankin na roba ne, ka duba ko ya kumbura, matsalar da fetur mai haɗin etanol ya jawo wa wasu samfura a Amurka.

Lambar jiki mai haruffa da lambobi 17 tana farawa da ZDM a Ducati, ZD4 a Aprilia. Ka tabbatar ta dace da ta takardu, har da na kwastan idan ta Legas ko Kwatano babur ɗin ya shigo.

Cikin sauran baburan Italiya, Aprilia RSV Mille, mai injin Rotax na Ostiriya, ba shi da desmo kuma an san shi da juriya, sai dai a saurari sitata ko tana zamewa. MV Agusta kuwa, samun kayan gyaransa kan ɗauki lokaci ko a Turai.

Ga mai zama Kano ko Kaduna, akwai tambayar da ta riga duk waɗannan: wa zai gyara? Bakaniken da ya ƙware a Boxer da Jincheng gwani ne a fagensa, amma desmo yana buƙatar kayan awo na musamman da wanda ya saba da shi. Ka nemo mutumin tun kafin ciniki, ka tafi da shi wurin gani, ka kuma tambaye shi nawa bel biyu da kuɗin aiki za su kama idan an odo su da kuɗin Yuro.