Abubuwan da ya kamata ka sani: matsalar sansar oksijin bayan an ɗora wa babur na'urar ƙarin ƙarfi

Yawancin baburan kabu-kabu da ke kai-kawo tsakanin Matameye, Kance da Damagaram masu kafireta ne, kuma kowane bakanike ya san hannunsu. Amma tun da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi a watan Afrilun 2020, akasarin sababbin baburan kasuwarta injekta ke ba su mai, kuma irinsu sukan faɗo garejinmu jefi-jefi. Wasu masu su kan ɗora musu na'urar ƙarin ƙarfi, sai fitilar gargaɗi ta kama, a ce sansa ta mutu. Sau da yawa lafiyarta lau.

Mece ce sansar oksijin?

Sansa ƙaramar na'ura ce da aka ɗaura a bututun salansa, kusa da injin, tana auna iskar oksijin da ta saura cikin hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Fetur yana ƙonewa sarai idan kashi 1 nasa ya haɗu da kashi 14.7 na iska, bisa nauyi. In mai ya yi kaɗan, sansa ta aika wuta wajen bolt 0.1, in ya yi yawa, wajen 0.9. Ba ta aiki sai zafinta ya kai kimanin digiri 300, shi ya sa da yawansu ke da wayar ɗumi a ciki.

Yadda rikicin ke tasowa

Saƙon sansa yana zuwa ga ƙwaƙwalwar injin, wato ƙaramar kwamfutar da ke yanke yawan man da injekta za ta fesa. Idan babur na tsaye yana ruri, ko ana tafiya a hankali, ƙwaƙwalwa da maganar sansa take aiki, tana ƙarawa tana ragewa babu tsayawa. Idan aka murɗe totur, sai ta bar sansa ta bi lissafin da kamfani ya ajiye mata.

Ita kuwa na'urar ƙarin ƙarfi, irin Power Commander ta kamfanin Dynojet na Amurka, tsakanin ƙwaƙwalwa da injekta take shiga ta ƙara mai. A nan ake samun ja-in-ja. Na'ura ta ƙara, sansa ta kai rahoton mai ya yi yawa, ƙwaƙwalwa ta rage. Ragin yana da iyaka. Da an kai gare ta, fitila ta kama. Babur ya riƙa fizga a ƙaramin gudu, ko ya mutu a mahaɗa. Wasu kan cire sansar su toshe gurbinta da abin da ke kwaikwayonta, amma ƙwaƙwalwa mai kula tana gane cewa saƙon ya daina motsi.

Daga ina za a fara bincike?

A cire na'urar ƙarin ƙarfi gaba ɗaya, a mayar da wayoyi yadda kamfani ya haɗa su, a goge lambar matsala da ƙwaƙwalwa ta ajiye, a hau babur. In fitila ba ta dawo ba, laifin yana ga na'urar ko saitinta. Wannan gwaji ba ya cin ko dala, amma shi aka fi tsallakewa.

In fitila ta dawo, a karanta lambar da injin bincike. P0135 na nufin wayar ɗumi ko fiyus ɗinta. P0134, sansa ta yi shiru. P0171, mai ya yi kaɗan. P0172, ya yi yawa. Lamba tana nuna sashen da za a duba ne, ba ta yanke hukunci. Sai a bi soket ko bai zauna ba, a duba wayar ƙasa ko tana kwance, a duba ko wata waya ta taɓa salansa ta narke.

Yoyon salansa ya cancanci kulawa, don galibi ranar da aka sa na'ura ake canja salansa. Ɗan tsagi kafin sansa yana zuƙo iskar waje, sansa ta ɗauka mai ya gaza, ƙwaƙwalwa ta antaya ƙari. Fulogi ya yi baƙi, mai ya riƙa ƙarewa da wuri, alhali babu abin da ya lalace sai gasket.

Abin da yanayinmu ke ƙarawa

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Man kwalba na bakin hanya, in an gauraya shi ko ya sha datti, yana barin dauɗa a kan sansa, haka ma injin da ke shan baƙin mai. Gam mai silikon da ake shafawa a mahaɗar salansa kuwa guba ne gare ta, kuma wanki ba ya dawo da ita.

Illar ƙyale matsalar

Mai da yawa yana wanke jikin silinda ya gurɓata baƙin mai. Mai kaɗan ya fi haɗari, musamman a zafin bazara, domin yana iya ƙona bawul ko fistin. Ga ɗan kabu-kabu da ke lissafin kowace lita, na'urar ƙarin ƙarfi ba ta biyan kuɗinta. Wanda ya riga ya sa ta kuma, kada ya sayi sabuwar sansa sai bakanike ya gwada babur ɗin babu na'urar a gabansa.